Kwamfutarka Tana Ofis, Kai Kana Gida: Yadda Ake Sarrafa Ta Daga Nesa



Maganarmu ta yau a kan kwamfutoci biyu ce, ɗaya a gabanka, ɗaya kuma a wani ofis ko ma wani gari. Abin da kake so shi ne ka ga fuskar waccan ta nesa a kan allon ta gabanka, ka motsa linzami a nan ya motsa a can, ka danna harafi a nan ya fito a can. Wannan ba sabon abu ba ne, masu gyaran kwamfuta sun daɗe suna yi. Amma tun shekarar 2020, da annobar korona ta zaunar da ma'aikata a gida, ya zama aikin kowa. Tambayar da aka fi yi kuwa ita ce: in kwamfutocin nan biyu ba iri ɗaya ba ne fa? Ta ofis Windows ce, ta gida Mac ce, mai gyara kuma Linux yake amfani da ita. Za su ji maganar juna?

Za su ji. Kuma dalilin da ya sa za su ji shi ne abin da nake so ku riƙe a shirin nan, domin wanda ya gane shi, duk matsalar da ta taso masa zai san inda zai duba.

Windows da macOS da Linux manyan manhajoji ne, wato kowace ita ce ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Manhajar da aka rubuta wa ɗaya ba ta tashi a ɗaya sai an yi mata dabara. To amma a aikin nesa ba manhajar ake ɗauko maka ba. Tana can inda take, a kwamfutar da ta saba, tana aikinta. Abu uku ne kawai ke kai-kawo a kan intanet: hoton allo yana zuwa maka, abin da ka danna a madannai yana tafiya, motsin linzami ma yana tafiya. In dai ɓangarorin biyu sun yarda da ƙa'ida ɗaya ta aika waɗannan ukun, ba ruwan kowa da irin babbar manhajar da ke ɗaya ɓangaren. Shi ya sa ko wayar hannu ta Android za ta iya nuna maka Windows ɗin ofis.

Ƙa'idojin da suka yi fice guda biyu ne, kuma duka a shekarar 1998 suka fito fili.

Ta farko ita ce VNC. An ƙirƙiro ta a birnin Cambridge na Ingila, a wani ɗakin bincike na kamfanonin Olivetti da Oracle. Daga cikin waɗanda suka yi aikin akwai Tristan Richardson da Andy Harter. Burinsu shi ne ma'aikaci ya zauna gaban kowace na'ura a ginin, ya kira allon aikinsa ya zo masa yadda ya bar shi. Hanyar da suka bi mai sauƙi ce ƙwarai. Ba su damu da sanin mene ne a kan allon ba, rubutu ne ko hoto ne ko taga ce. A wurinsu allo tarin ɗigo-ɗigo ne masu launi, sai a kwashe su a aika. Wannan sauƙin ne ya ba ta ƙarfi, domin kowace kwamfuta, ko wace iri ce, daga ƙarshe ɗigon take zubawa a allo. Suka kuma saki rubutun manhajar kyauta ga duk mai so. Da aka rufe ɗakin binciken a 2002, wasu daga cikinsu suka kafa kamfanin RealVNC, wasu mutanen kuma suka ɗauki rubutun suka fitar da nasu, irin su TightVNC da UltraVNC da TigerVNC. Duk suna jin maganar juna.

Sai dai aika hoto yana da nauyi. Bari mu yi ɗan lissafi. Allon da mutane da yawa ke da shi yanzu yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. In ka ninka, ɗigo sama da miliyan 2 ke nan. Kowane ɗigo yana cin bait 3 don a faɗi launinsa, hoto ɗaya ya kai kusan megabait 6. A ce za a aiko maka 30 a kowace daƙiƙa, ai gigabait ɗaya ta data ba za ta kai maka daƙiƙa goma ba. Saboda haka ba a aika allon gaba ɗaya. Inda ya canza kaɗai ake yankowa, a matse shi, a aika. In wasiƙa kake bugawa, 'yar kusurwar da harafin ya fito ce kawai ke tafiya, sai ka ga aiki sumul. Amma ka buɗe bidiyo a kwamfutar nesa, kowane ɗigo na canzawa, nan take za ka ga hoto yana tsalle, data tana zuba.

Ta biyu ita ce RDP, ta kamfanin Microsoft. Ta fara fitowa ne a wani nau'in Windows NT da aka yi don manyan kwamfutocin ofis, sannan a 2001 ta shiga Windows XP Professional, inda sauran jama'a suka san ta. Ita da yake 'yar gida ce a Windows, ta san abin da ke kan allo. Tun asali, maimakon ta aiko hoton akwati, sai ta ce da kwamfutarka, zana akwati a wuri kaza, rubuta kaza a ciki. Abin da ta taɓa aikowa kuma ba ta maimaitawa, sai ta ce ɗauko wancan na ɗazu. Sababbin nau'o'inta sun ƙara da matse hoto irin na bidiyo. Shi ya sa a layin da ba shi da ƙarfi RDP ta fi sauri, kuma tana ɗauko sauti, ta bar ka ka kwafi rubutu a can ka liƙa a nan, har ma ka tura takarda daga kwamfutar ofis ta fito a firintar da ke gefenka.

Ga wani bambanci da ke rikita mutane, ku saurara da kyau. VNC yawanci allon da ke kunne take nunawa. Kai da wanda ke zaune gaban kwamfutar abu ɗaya kuke gani, yana kallon linzami na yawo shi kaɗai. RDP kuwa, a Windows ta yau da kullum, mutum ɗaya take bari a lokaci guda. A ce akawun wani shago ya shiga daga gida da RDP don ya duba lissafi, alhali sakatariya na tsakiyar buga takarda. Sai kawai allonta ya rufe, ya koma wurin neman kalmar sirri. Ita za ta ce kwamfuta ta lalace, shi kuma can yana aikinsa bai san ya tashe ta ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta. Don haka in koyarwa za ka yi, ko gyara kana so mai kwamfutar ya ga abin da kake taɓawa, VNC ko makamanciyarta ta fi dacewa, ko kuma Quick Assist da ke zuwa cikin Windows 10 da 11. In kuwa aikinka kai kaɗai za ka yi a kwamfutarka ta ofis da dare, RDP ce.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne kan sarrafa kwamfuta daga nesa ko da ba irin taka ba ce. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace ke buƙata in ita ce za a shiga.

Windows tukuna, tunda ita ta cika ofisoshinmu. Kowace Windows tana iya shiga wata da RDP, manhajar tana ciki, sunanta Remote Desktop Connection. Amma ba kowace ake iya shiga ba. Nau'in Home, wanda shi ne ke zuwa da yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na kasuwa, ba ya karɓar baƙo ta RDP. Sai Pro ko Enterprise ko Education. Mutum sai ya kwana yana neman inda zai kunna abin, alhali babu shi. Kafin ka wahalar da kanka, shiga saiti ka duba wane nau'i gare ka. In Home ce, sai ka sa mata VNC ko ɗaya daga cikin manhajojin da zan ambata nan gaba. Mai Mac da ke son shiga Windows yana da manhajar Microsoft kyauta, wadda a 2024 aka sauya mata suna zuwa Windows App. Mai Linux kuma yana da Remmina, wadda ke jin RDP da VNC duka.

Mac kuwa tun 2007 take zuwa da abin da Apple ya kira Screen Sharing, kuma a ƙarƙashi VNC ce. Kana kunna ta a saiti, ka ba masu VNC izini da kalmar sirri, to mai Windows ko Linux zai iya shigowa. Inda ake tuntuɓe shi ne in manhajar wani kamfani ka sa. Tun nau'in Catalina na 2019, Mac ba ta barin wata manhaja ta ga allo sai mai ita ya je sashen tsare sirri ya ba da izinin naɗar allo, ya kuma ba da wani izinin daban na sarrafa madannai da linzami. In ba a ba da na farko ba, mai shigowa zai ga allo baƙi ƙirin, ko ya ga hoton bango babu tagogi. In na biyu ne aka manta, zai ga komai amma ya danna ya danna ba abin da zai motsa. Kuma wannan izini sai wanda ke gaban na'urar ne zai bayar. Don haka duk wanda zai yi tafiya ya bar Mac a gida, ya gwada tun kafin ya fita.

Linux tana da tarihi mai ban sha'awa a nan, domin ta riga su duka. Tsarin zana tagoginta na da, wanda ake kira X, an fara shi ne a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma tun daga tushe an gina shi yadda manhaja za ta yi aiki a wata kwamfuta, tagarta ta fito a wata. Har gobe masana na amfani da wannan su jawo taga ɗaya tak daga nesa. Amma X ya tsufa, kuma yana barin kowace manhaja ta leƙa allon 'yar'uwarta, abin da ba shi da kyau ga tsaro. Sai aka kawo Wayland, wanda nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora ke tashi da shi yanzu. Wayland ya toshe wannan leƙen, sai tsofaffin manhajojin VNC da yawa suka daina ganin komai. Wanda ya bi bayanin da aka rubuta shekara goma da suka wuce zai tarar da baƙin allo. Mafita a sabuwar Ubuntu tana cikin saiti: tana zuwa da nata tsarin raba allo, kuma tun 2022 da RDP take magana, wato mai Windows zai shigo da manhajar da ke cikin kwamfutarsa ba sai ya sauke komai ba. Akwai kuma xrdp, wadda ke buɗe maka sabon zama daban da na kan allo. Ita ma tana da halinta: in ka bar asusunka a buɗe a can, sannan ka shigo da shi daga nesa, sau da yawa baƙin allo za ka samu. Ka fita daga asusun kafin ka bar wurin.

Ni dai a ganina, in Windows ce ko sabuwar Linux za a shiga, a fara da RDP. In Mac ce, VNC ɗinta ta cikin gida ta wadatar muddin kuna kan layi ɗaya.

Wannan "layi ɗaya" da na faɗa, nan ne gizo ke saƙa. Duk abin da na bayyana yana tafiya cikin sauƙi in kwamfutocin biyu suna kan rauta ɗaya a ofis, wato na'urar da ke raba musu intanet. Ka sa adireshin waccan, RDP ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 3389, VNC kuma 5900, a buɗe. Amma daga gida zuwa ofis fa? Adiresoshin intanet na tsohon tsari ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma sun ƙare. Saboda haka kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya. Kamar babban gidan haya ne mai ɗakuna barkatai da lamba ɗaya a ƙofar waje: na ciki zai iya fita ya dawo da saƙo, amma baƙon da ya zo da lambar gidan kaɗai bai san ɗakin da zai nufa ba, sai ya koma. Mu da yawancinmu intanet ɗinmu ta layin waya ce ko 'yar na'urar MiFi, wannan shi ne halin da muke ciki. Ka yi saiti daidai, amma daga waje ba a samun ka.

Wannan giɓin ne su TeamViewer da AnyDesk suka cike. Dukkansu kamfanonin Jamus ne, na farko tun 2005, na biyu 2014. Google ma yana da Chrome Remote Desktop, akwai kuma RustDesk da rubutunta ke buɗe, har ofis zai iya kafa tasa uwar garken. Dabararsu ita ce kwamfutocin biyu duk su fita waje, su haɗu a uwar garken kamfanin, ita ta haɗa su. In ta samu hanya sai ta bar su su yi magana kai tsaye, in ba ta samu ba duk zirga-zirgar ta bi ta wurinta. Suna aiki a Windows da Mac da Linux da waya, kuma ba sa buƙatar ka taɓa rauta. Lamba kawai za a karanto maka. Sai dai a lura, kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce. In kasuwanci kake yi da su, lasisi ake saya. Sannan in zirga-zirgar ta bi ta wata uwar garke a Turai, kana Kano kana shiga kwamfuta a Kaduna amma saƙon sai ya je ya dawo, za ka ji ɗan jinkiri tsakanin dannawa da gani. Rage girman allo da yawan launi, ka kashe hoton bango, za ka ga sauƙi.

Madannai ma suna da nasu. Abin da Ctrl ke yi a Windows, maɓallin Command ne ke yi a Mac, sai hannu ya riƙa kuskure. In ka danna Ctrl da Alt da Delete, kwamfutar gabanka ce za ta amsa, ba ta nesa ba. A RDP sai ka sa End a madadin Delete. Mu masu rubuta Hausa kuma muna da ƙarin lura. RDP yawanci wurin maɓallin take aikawa, ta nesa ce ke fassara shi da tsarin madannanta. In ba a sa mata tsarin Hausa ba, ka danna ƙa mai lanƙwasa, wani abu daban zai fito. Maganin shi ne a sa tsarin madannai iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Kada a manta da wuta. Kwamfutar nesa dole ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba, intanet ɗinta ma na aiki. In aka ɗauke wuta a ofis, magana ta ƙare sai an samu mai kunnawa. Wanda zai dogara da wannan aiki ya kashe saitin barci, ya haɗa kwamfutar da rautar da batir ko sola, ya kuma nemi mai gyara ya saita ta ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo. Kwamfutocin tebur da yawa suna da wannan saitin.

(Ɗan kiɗa)

Sauran lokacin da ya rage mana zan ba wa tsaro, domin abin yana damuna. Duk wanda ya shiga kwamfutarka ta wannan hanya, abin da za ka iya yi shi ma zai iya: ya buɗe saƙonninka, ya kwashi fayil, ya shiga shafin bankinka in ka bar shi a buɗe.

Ga masu kula da ofis: kada ku buɗe ƙofar 3389 ko 5900 kai tsaye ga intanet. Akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai laluben waɗannan ƙofofi suna gwada kalmomin sirri, kuma RDP da aka bari a buɗe na daga cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa ke shigowa. A watan Mayun 2019 an gano wata ɓaraka a RDP da aka sa wa suna BlueKeep, wadda ke ba ɓarawo damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014. Ɓarakar ta shafi Windows 7 ma, ga shi kuwa har yau tana nan a ofisoshi da kafe-kafe da dama. VNC ta asali kuma ba ta ɓoye abin da take aikawa, sannan haruffa 8 na farko kaɗai take dubawa a kalmar sirri, komai tsawon da ka ba ta. Hanyar da ta dace ita ce a fara shiga ofis ta VPN ko ta SSH, wato rufaffiyar hanya, sannan RDP ko VNC su bi ta ciki.

Ga sauran jama'a kuwa, iyayenmu da 'yan kasuwarmu musamman, ga yadda 'yan damfara ke yi. Za a kira ka, murya a natse, a ce daga banki ne ko daga kamfanin waya, wai asusunka ya samu matsala ko an turo maka kuɗi sun maƙale. Sai a ce ka sauke wata manhaja a waya ko kwamfuta don a taimaka maka, ka karanto lambobin da suka fito, ka danna amincewa. Daga nan yana ganin allonka. Sai ya ce buɗe manhajar bankin mu duba. Lambar sirrin nan ta lokaci ɗaya da banki ke turowa, ba sai ya tambaye ka ba, tana shigowa yana karantawa. Manhajar kanta halastacciya ce, shi ya sa na'urar ba za ta yi maka gargaɗin ƙwayar cuta ba. Banki ba ya kiran mutum ya ce ya sauke manhajar shiga waya. Wanda ya kira ka da wannan magana, kashe wayar, ka tafi reshen bankin da ƙafarka.

In kuwa kai ne ka nemi mai gyaran da ka sani, to ka rufe shafin banki da saƙonni kafin ya shigo, ka zauna kana kallon abin da yake yi. Yana gamawa ka katse haɗin da hannunka. Sannan ka shiga saitin manhajar ka duba ko an kunna shiga ba tare da izini ba, wato wadda ke barin mutum ya dawo ko ba ka nan. In an kunna kuma ba kai ka nema ba, kashe ta, ka sauya kalmar sirri. In ba ka da sauran buƙatar manhajar, cire ta gaba ɗaya.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A huta lafiya, wassalamu alaikum.